Nazarin lamari: bin sawun ƙara a cikin tsohuwar amfilifayar gida

Amfilifayar da wannan nazari ya shafa, wato na'urar da take ƙara ƙarfin sauti ta tura wa lasifika, ta gida ce, ƙirar ƙarshen shekarun 1970, mai hannu biyu, hagu da dama, kuma kowane hannu yana ba da kimanin wat 40 a kan lasifika mai om 8. Mai ita ta hannu ya saye ta. Wanda ya sayar masa ya kunna ta a gabansa, ta yi sauti lafiya lau na ɗan lokaci, don haka bai ga abin shakka ba. Sai da ya haɗa ta a ɗakinsa ya bar ta ta jima a kunne, sannan ya fara jin abin da bai ji ba a wurin saye: da ya taɓa bolum sai lasifikokin su yi ƙaras-ƙaras, wani lokaci hannu ɗaya ya ɗauke sai an jijjiga wani maɓalli ya dawo, sannan akwai wata ƙara dabam da take zuwa ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Da ya kawo ta, buƙatarsa a shirye take, domin ya riga ya yanke hukunci tun daga gida. Ya ce, "Malam, na ji an ce kondensocin irin waɗannan tsofaffi duk sun mutu, a canza su gaba ɗaya kawai in huta."

Ban karɓi wannan shawara ba, kuma ba don raini ga mai ita ba. Gaskiya ne kondensa, wato abin da yake tara wuta ya riƙe ta na ɗan lokaci, idan mai ruwa a ciki ce tana bushewa da shekaru, amma idan aka cire gomman kaya daga allon na'ura kafin a san mai laifin, ɗayan biyu zai faru. Ko dai ƙarar ta zauna inda take bayan an sha wahala, ko kuma a daɗa wata sabuwar matsala ta hanyar ɗaura wani abu a juye, daga nan kuma babu mai iya rabe tsohon ciwo da sabo. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da kunne, domin kalmar "ƙara" da masu kaya suke amfani da ita ta haɗa abubuwa da dama waɗanda asalinsu ba ɗaya ba ne. Akwai gurnani mai kauri da ba ya yankewa, wanda yake bin bugun wutar gida, wato sau 50 a daƙiƙa a yawancin ƙasashe, ko sau 60 a irin su Amurka. Idan gurnanin ya ninka haka, ya kai 100 ko 120, a nan ne ake zargin manyan kondensocin da suke tace wuta, domin bayan an mayar da wutar gida ta koma DC, wato wutar da take bin hanya ɗaya ba ta juyawa, bugunta ninkawa yake yi. Akwai shuu mai laushi da ba ya hawa ba ya sauka. Akwai kuma ƙara mai fashe-fashe marar tsari, kamar ƙirare suna cin wuta, wadda take zuwa ta ɗauke ta sake dawowa. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi damun mai amfilifayar, kuma ba kasafai manyan kondensoci suke haifar da irinta ba.

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, an duba bayan akwatin don tabbatar da cewa maɓallin zaɓen wuta yana kan adadin da ya dace da wutar da za a jona ta, domin kayan hannu sukan yi yawo tsakanin ƙasashe masu bolt 100, da masu 120, da masu 220 zuwa 240. Daga nan aka cire duk abin da ke shiga cikinta, aka haɗa ta da wasu ƙananan lasifikoki na gwaji waɗanda ba za a yi baƙin ciki ba idan sun ƙone. Wannan mataki ba ƙaramin abu ba ne, saboda amfilifayar da take fashe-fashe tana iya watso wutar DC ba zato, kuma DC idan ta zauna a kan lasifika takan ƙona siririyar wayar da aka naɗe a cikinta cikin ɗan lokaci kaɗan.

Da aka kunna ta babu komai a jone, sai ɗan gurnanin da mai ita ya ambata a matsayin ƙaramin ƙorafi ya ɓace gaba ɗaya. Da aka tambaye shi me yake jonawa a gida, sai ya ce kwamfutar cinya ce, kuma kullum cajarta tana jikin bango. Wannan ya isa bayani. Idan na'urori biyu suna da hanyar ƙasa fiye da ɗaya a tsakaninsu, wata ƙaramar wuta takan bi ta garkuwar wayar sauti ta zagaya, amfilifaya kuma ta ɗauke ta a matsayin sauti ta kambama. An shawarce shi ya gwada kwamfutar a kan batir kaɗai, idan gurnanin ya ɗauke to ya jona na'urorin biyu a soket ɗaya, ko ya sa ƙaramin tiransifoman raba sauti a tsakaninsu. An kuma gargaɗe shi da babbar murya kada ya karya ƙafar ƙasa ta fulogi don neman shiru, domin wannan ƙafa ita ce take tsare rai idan wuta ta tsallaka jikin ƙarfen na'ura. Wannan ɓangare ba laifin amfilifayar ba ne, saboda haka aka ajiye shi gefe.

Ƙarar bolum ita ce ta biyu, kuma ita ma ba ta ba da wahala ba. A cikin bolum akwai wani siririn zobe na garin gawayi, da wani ɗan harshen ƙarfe da yake zamewa a kansa. Ƙura da datti da tsatsar shekaru sukan kwanta a tsakaninsu, sai harshen ya riƙa taɓawa yana saki yayin da ake murzawa. Bayan an zare fulogi an buɗe murfi, an fesa ruwan wanke mahaɗin lantarki ta ƙaramar kafar da ke jikin bolum ɗin daga ciki, ba ta gaba wurin sandar murzawa ba, inda ruwan zai wanke man da ke sa shi laushin juyawa kawai bai kai ga wurin ciwon ba. Sai aka murza shi daga farko zuwa ƙarshe sau da yawa. Haka aka yi wa na daidaita hagu da dama, da na kauri, da na sirin sauti, da maɓallin zaɓen abin da za a saurara. Man feshin da ake kwance noti mai tsatsa da shi bai dace da wannan aiki ba, domin yakan bar maiƙo da zai tara sabuwar ƙura, kuma wasu nau'o'insa suna cin roba.

Hannun da yake ɗaukewa kuwa, maɓallin sauraron kaset ne ya jawo shi. Mutane da yawa sukan tsallake wannan maɓalli suna cewa ai ba su da rakoda, ba su taɓa danna shi ba. Amma a irin waɗannan na'urori duk sautin da zai fita sai ya ratsa ta cikinsa, ko an danna ko ba a danna ba, kuma rashin taɓa shi na tsawon shekaru shi ne ainihin abin da yake sa haƙoransa su yi baƙi. Da aka wanke shi aka yi ta dannawa ana saki, hannun bai sake ɗaukewa ba. An kuma auna ƙafafun bolum da mita a kan ma'aunin DC, domin idan wata ƙaramar kondensa da ke kusa da shi tana yoyon wuta, bolum zai ci gaba da ƙaras-ƙaras komai wankin da aka yi masa. Mitar ba ta nuna komai ba, ke nan waɗannan kondensoci sun kuɓuta daga zargi.

A wannan gaɓa ne gyare-gyare da yawa suke lalacewa. An wanke, an kunna, sauti ya fito tas, sai a rufe murfi a miƙa wa mai kaya. Da an yi haka a nan, da amfilifayar ta dawo washegari, domin ƙara ta uku ba ta fitowa sai na'urar ta ɗauki zafi. An bar ta a kunne, bolum a ƙasa ƙwarai, babu abin da ke shiga, kuma bayan 'yan mintuna sai lasifikar hagu ta fara: shuu mai hawa da sauka, sai fas-fas, sai shiru, sai kuma ta sake ɓarkewa. Nan ma aka gane dalilin da ya sa mai ita bai ji komai ba a wurin saye, tunda gwajin da aka yi masa gajere ne kuma na'urar tana da sanyi.

Tambayoyi kaɗan ne suka ƙuntata wurin da laifin zai iya ɓuya, kuma an yi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an haɗa canji biyu a lokaci guda ba. An kashe, an musanya wayoyin lasifikokin a bayan akwati, sai ƙarar ta koma ɗaya lasifikar, wato tana bin hannun hagu na amfilifayar ne, lasifika da wayarta ba su da laifi. An juya maɓallin zaɓe zuwa kowace kafa ta shiga, ƙarar ba ta canza ba. An ɗaga bolum an sauke, ƙarfinta bai motsa ba, wanda ke nufin ana haifar da ita ne bayan sauti ya wuce bolum, tunda duk abin da ya taso kafin bolum dole ya ragu idan aka sauke shi. Saura wurare biyu ke nan: ɓangaren gyara sauti, da ɓangaren ƙarfi wanda yake tura lasifika. An yi sa'a wannan na'ura tana da wasu ƙananan ƙarafa biyu masu lanƙwasa a bayanta waɗanda suke haɗa ɓangarorin biyu. Aka kashe ta, aka zare su, aka sa wayoyi a giciye, ta yadda hagun ɓangaren farko yake shiga daman ɓangaren ƙarfi, damansa kuma yake shiga hagu. Da laifin yana ɓangaren farko, da ƙarar ta tsallaka dama. Ba ta tsallaka ba, ta zauna a hagu.

An yi tunanin rilen kariya, wato ɗan makunnin da yake yin ƙas bayan 'yan daƙiƙoƙi da kunnawa ya haɗa lasifika. Haƙoransa ma sukan yi datti, amma alamarsa dabam ce: sauti yakan karkace ko ya ɗauke idan an yi ƙasa da bolum, ya dawo idan an ɗaga. Mahaɗi mai datti yana ɓata sautin da ke wucewa ta cikinsa ne, ba ya ƙirƙiro ƙara daga shiru. Ƙarar da take tashi alhali babu kiɗa tana nuna cewa akwai wani abu da wuta take bi ta cikinsa a kowane lokaci, kuma wutar tana rawa. Mita ta tabbatar da haka. Da aka ɗora ta a kan kafar lasifikar dama, ta nuna DC ƙasa da milibolt 20 kuma a tsaye, wanda yake lafiya, domin a wannan wuri ana so adadin ya kusanci sifili, kuma yawancin masu gyara ba sa son ganin ya wuce 50. A hagu kuwa lambobin ba su zauna wuri ɗaya ba, suna tsalle suna komowa, kuma duk tsallen da suka yi yana zuwa daidai da fas ɗin da kunne yake ji.

Daga nan aikin ya koma cikin akwati alhali wuta tana kunne, kuma wannan ba mataki ba ne na wanda bai saba ba. Wayar wutar gida tana nan tsirara a wurin fiyus da makunni da tiransifoma, sannan manyan kondensoci, masu ɗaukar kamar maikurofarad 10,000 a kan bolt 40 ko 50, sukan riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, sai an sauke ta a hankali ta cikin resista, wato abin da yake rage gudun wuta, ba da sukundireba ba. Da busasshen tsinken itace aka bi allon ɓangaren ƙarfi na hagu ana ƙwanƙwasa kowane abu a hankali, ana ɗan danna allon. Manufar ita ce gano dalmar da ta tsage, domin zafi da sanyin shekaru sukan sa dalma ta yi zobe a gindin ƙafar manyan resistoci da tiransistocin da ke jikin ƙarfen sanyaya, wato masu ƙafa uku da suke kambama sauti. Ƙwanƙwasawar ba ta tayar da ƙarar ba, ba ta kuma kwantar da ita ba. Duk da haka an ga wurare kaɗan da dalmarsu ta dushe, aka sabunta su bayan an kashe wuta, aka sake gwadawa, ƙarar tana nan yadda take.

Tunda zafi ne yake tayar da ita, sai aka nemi sanyi ya nuna ta. Da feshin sanyaya kayan lantarki, ta siririn bututunsa, aka riƙa ɗiga wa ƙananan tiransistoci ɗaya bayan ɗaya, ana dakatawa tsakani don kada sanyin ya malala zuwa maƙwabta ya rikita sakamakon. A bakin ƙofar ɓangaren ƙarfi akwai tiransistoci biyu tagwaye. Ɗaya tana karɓar sautin da ke shigowa, ɗayar tana karɓar samfurin abin da ke fita zuwa lasifika, bambancin da ke tsakaninsu kuma shi ne sauran na'urar take kambamawa. Saboda wannan matsayi, duk ɗan motsin da ɗayarsu ta yi, komai ƙanƙantarsa, sai ya fito da girma a lasifika, kuma su ne suke riƙe DC ta zauna kusa da sifili. Da sanyi ya taɓa ɗaya daga cikinsu sai lasifikar ta yi fas da ƙarfi sannan ta yi tsit, mitar ma ta tsaya. Da aka kusantar da bakin ƙarfen dalma mai zafi kusa da jikinta ba tare da an taɓa ba, sai ƙarar ta dawo fiye da da. An maimaita, sakamakon bai canza ba.

Lambar da ke jikinsu 2SA726 ce, kuma ƙafafunsu sun yi baƙi ƙirin har zuwa inda suka shiga jikin robar. Masu gyaran tsofaffin kayan sauti sun daɗe da sanin wannan lamba, tare da irin su 2SA725, da 2SC1313, da tsohuwar 2SC458, a matsayin waɗanda suke fara ƙara idan sun tsufa. Abin da ya kamata a lura da shi sosai shi ne, da aka cire mai laifin aka auna ta da mita a kan ma'aunin dayod, ta nuna kimanin bolt 0.6 a kowace mahaɗa kamar kowace lafiyayyar tiransista. Wanda ya dogara da mita kaɗai zai mayar da ita wurinta ya ci gaba da nema a wani waje. Mita tana faɗin ko tiransista ta ƙone ko ta yanke, amma ba ta jin ƙara, kuma irin wannan ciwo ba ya bayyana sai ana cikin aiki da wuta da zafi.

An maye gurbinsu da KSA992, wadda aka ƙera don aikin sauti marar ƙara kuma take jure bolt fiye da abin da wurin yake buƙata. Ba ɗaya kaɗai aka canza ba, domin tagwaye ne, kuma aikinsu ya dogara a kan su yi kama da juna. An auna ƙarfin kambamawar sababbi da dama a kafar hFE ta mita, aka zaɓi biyu da lambobinsu suka fi kusa. Jerin ƙafafu shi ne tarkon da ya fi kama mutane a nan. Idan aka fuskanci shimfiɗaɗɗen gefen KSA992, ƙafafunta daga hagu E ne, sai C, sai B, amma ba lallai tsohuwar ta fuskanci wuri ɗaya da sabuwar ba, don haka haruffan da aka buga a jikin allo da zanen littafin gyara aka bi, ba yadda tsohuwar take tsaye ba. An kuma canza tagwayen hannun dama duk da cewa ba su fara ƙara ba. A ganina wannan bai saɓa wa ƙin canza kaya barkatai ba, domin lambarsu ɗaya, shekarunsu ɗaya, ƙafafunsu sun yi baƙi iri ɗaya, kuma laifin irinsu a wannan wuri yana iya kaiwa ga ƙona lasifika.

Kunnawar farko bayan gyara ta bi ta ƙwan fitila mai zare na wat 100 da aka jera a kan hanyar wutar. Idan akwai kuskure, ƙwan zai haska sosai ya shanye wutar kafin wani abu ya ƙone, idan kuwa lafiya, zai yi haske na ɗan lokaci yayin da kondensoci suke cika sannan ya dushe. Ƙwan zamani na LED ba ya yin wannan aiki. Ƙwan ya dushe, rile ya yi ƙas. Sai aka cire ƙwan aka jona kai tsaye, aka bar na'urar ta ɗauki zafi, sannan aka daidaita DC ta kowane hannu zuwa kusa da sifili, aka kuma daidaita wutar zaman manyan tiransistoci, wato wadda take bi ta cikinsu ko babu kiɗa, a kan adadin da littafin gyaranta ya faɗa, ana aunawa a kan ƙananan resistocin da ke gindinsu. An mayar da ƙarafan baya wurinsu, an rufe murfi don zafi ya taru kamar yadda zai taru a ɗaki, an bar ta sa'o'i tana aiki, wani lokaci da kiɗa wani lokaci shiru. Fashe-fashen bai dawo ba, mitar kuma ta zauna a hannayen biyu.

Manyan kondensocin da aka zo da niyyar cirewa an duba su: babu kumburi, babu yoyo a gindinsu, babu gurnanin 100 a lasifika. An bar su, an kuma gaya wa mai ita cewa kaya ne da suka haura shekara 40, ranar canza su za ta zo, kuma alamarta gurnani ne a hannu biyu lokaci ɗaya wanda bolum ba ya rage shi, tare da raunin kaurin sauti idan an ɗaga murya.

Da ya zo karɓa, ya juya maɓalli zuwa kafar garmaho, ya ɗaga bolum har ƙarshe, ya kara kunne a jikin lasifika, ya ce, "Malam, har yanzu ina jin ɗan shuu." An yi masa bayani cewa wannan ba ciwo ba ne. Allurar garmaho ta maganaɗisu tana ba da kimanin milibolt 5 ne kawai, alhali na'urar faifan CD tana ba da har bolt 2, saboda haka wannan kafa sai ta ninka sauti kusan sau 100 kafin ya kai ga bolum, kuma tana ninkawa ne tare da ɗan motsin da zafi yake haifarwa a cikin kowace resista, abin da John B. Johnson ya auna kuma Harry Nyquist ya yi bayaninsa a 1928. Shuu ɗin daidai yake a hagu da dama, ba ya hawa ba ya sauka, kuma da aka mayar da bolum inda ake sauraro a ka'ida, daga kujera ba a jin sa. A allon wannan kafa ta garmaho akwai sauran tiransistoci masu tsohuwar lamba waɗanda ƙafafunsu ba su yi baƙi ba kuma feshin sanyi bai motsa su ba. An rubuta masa lambobinsu da wurarensu a takarda aka manna a cikin murfi, domin idan wata rana fashe-fashe ya taso a kafar garmaho kaɗai kuma yana bin bolum, duk wanda ya buɗe akwatin ya san inda zai fara.